Albashi ɗaya, ɗawainiya daban: yadda sabuwar dokar haraji ta ɗauki aure da iyali

Mu ɗauki ma'aikata biyu a ofis ɗaya, matakin albashinsu ɗaya, kowanne yana karɓar naira 250,000 a wata. Na farko bai yi aure ba tukuna, kansa kaɗai yake riƙe da shi. Na biyu magidanci ne mai mata da 'ya'ya shida, ga mahaifiyarsa a ɗakin da ke kusa da zaure. In wata ya ƙare aka ba su takardar albashi, harajin da aka yanke musu daidai yake, ko kwabo babu bambanci. Tun da sabuwar dokar harajin Najeriya ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, wannan na cikin abubuwan da ke ɗaure wa ma'aikata kai: an ce an yi gyara ne domin sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi, to ina aka bar mai iyali?

Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin gyaran haraji guda huɗu ranar 26 ga Yunin 2025, bayan aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta. Abin da ya shafi aljihun ma'aikaci kai tsaye yana cikin ɗaya daga cikinsu, wato Dokar Haraji ta Najeriya. Dokar ta sake fasalin yadda yawan kuɗin shiga ke ƙayyade haraji, ta bar aure da yawan iyali a waje. Akwai dalilan da suka sa aka yi haka, akwai kuma waɗanda abin ya taɓa.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Kuɗin shiga shi ne duk abin da mutum ya samu a shekara daga albashi, ko ribar sana'a, ko hayar gida da makamantansu. Haraji ba ya hawa kan wannan jimla gaba ɗaya. Sai an fara cire abubuwan da doka ta yarda a cire, kamar gudummawar fansho, wadda ga ma'aikaci kashi 8 cikin 100 ce, da ta asusun gidaje, da ta inshorar lafiya. Abin da ya rage bayan wannan shi ne kuɗin da haraji ke hawa kansu.

Rangwame kuma iri biyu ne, kuma bambancinsu yana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya. Akwai wanda ake cirewa daga kuɗin shiga kafin a yi lissafi. Akwai wanda ake cirewa daga harajin kansa bayan an gama lissafi. Na farkon ya fi amfanar mai babban albashi, domin kowace naira da aka cire masa, da kaso mai yawa za a yanka a kanta. Na biyun kuwa darajarsa ɗaya ce a hannun kowa, muddin akwai harajin da za a cire shi a ciki.

Matakala shida

Harajin yana tafiya ne kamar matakala. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana yankar kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, sai miliyan 13 a kashi 21, sai miliyan 25 a kashi 23. Duk abin da ya haura miliyan 50 kashi 25 ne. Wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 a wata, ba ya biyan komai.

Ana yawan kuskuren ɗauka cewa da zarar mutum ya haye mataki na gaba, sabon kason zai hau kan dukan albashinsa. Ba haka lissafin yake ba. Wanda kuɗinsa ya kai miliyan 3 da dubu 100, dubu 100 ɗin nan kaɗai ne za a yanka wa kashi 18, sauran suna nan a matakansu. Ƙarin girma ba ya sa abin da mutum ke kaiwa gida ya ragu.

A tsohon tsari, wanda aka kafa matakansa a gyaran 2011, haraji yana farawa daga kashi 7 ya tsaya a kashi 24, kuma da kuɗin mutum sun wuce miliyan 3.2 ya riga ya kai ƙololuwa. Amma akwai wani dunƙulallen rangwame da kowa ke samu: naira 200,000 ko kashi 1 na kuɗin shiga, duk wanda ya fi yawa, a haɗa da kashi 20 na kuɗin shigar. Sabuwar doka ta soke wannan rangwame, ta kawo matakin da babu haraji da kuma rangwamen kuɗin haya.

In aka ɗauka don sauƙin lissafi cewa fansho kawai ake cirewa, kuma daga dukan albashi, ga yadda abin ke fitowa. Mai naira 100,000 a wata a da yana biyan kusan 66,500 a shekara, yanzu 45,600. Mai 250,000 a wata ya sauko daga kusan 309,700 zuwa 294,000, sauƙin da bai kai naira 1,500 a wata ba. Mai miliyan 5 a wata kuwa ya tashi daga kusan miliyan 10.3 zuwa miliyan 11.7. Ta fuskar yawan samu dai, dokar ta ɗan karkata nauyin zuwa sama, kuma masana haraji suna kiran wannan adalcin sama da ƙasa: mai yawa ya ba da kaso mafi yawa.

Sai dai adalcin haraji yana da fuska ta biyu, wadda ke cewa mutane biyu masu ƙarfi ɗaya su biya daidai. A nan gardama take. Da me za a auna ƙarfin mutum, da abin da ya shigo hannunsa, ko da abin da ya rage bayan ya ciyar da waɗanda ke wuyansa?

Doka ba ta tambayar ko kana da aure

A Najeriya kowa da lissafinsa. Miji da mata ba sa haɗa kuɗin shigarsu wuri ɗaya a yanka musu haraji a matsayin gida. Ɗaurin aure ba ya ƙara wa mutum haraji, ba ya rage masa. A cikin abubuwan da ake cirewa, inda aka ambaci abokin aure shi ne inshorar rai, domin ana iya cire kuɗin da mutum ya biya wa kansa ko wa matarsa ko mijinta, kuma wannan abu ne da bai yaɗu a Arewa ba.

Duk da haka, tsarin yana bambanta gida da gida ta wata hanya da ba a cika lura da ita ba. A ce gidaje biyu kowanne kuɗin da haraji ke hawa kansu miliyan 6 ne a shekara. A gida na farko mijin ne kaɗai ke samowa, harajinsa naira 870,000. A gida na biyu miji da mata kowanne yana samun miliyan 3, kowanne zai biya 330,000, jimla 660,000. Tukunya ɗaya ce girmanta, amma gidan da mutum ɗaya ke cika ta ya fi biya da naira 210,000. Dalili shi ne gida na biyu ya ci moriyar matakin da babu haraji sau biyu, kuma babu ɗayansu da ya taka matakin kashi 18.

Wannan ya fi shafar yankunan da aka saba miji ne ke aikin albashi, matar kuma tana gida ko tana ƙaramar sana'ar da ba ta kai naira 800,000 a shekara ba. Nata matakin da babu haraji yana tafiya a banza, ba za ta iya miƙa wa mijin ba.

Akwai abin lura a nan game da al'ada da addini. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, aure ba ya haɗa ta da ta miji, kuma ta wannan gefen tsarin kowa da lissafinsa ya zo daidai da abin da mutane suka sani. Amma shari'ar da ta ware wa mace dukiyarta ita ce ta ɗora wa miji ci da sha da sutura da muhalli. Dokar haraji ta yi daidai da rabin farko, ba ta ce komai kan rabi na biyu ba.

'Ya'ya da iyaye: rangwamen da ya mutu kafin a binne shi

Tsofaffin ma'aikata za su tuna lokacin da ake cike fom ana rubuta sunayen 'ya'ya. Tsohuwar dokar harajin kuɗin shiga ta yarda a cire naira 2,500 ga kowane ɗa, har 'ya'ya huɗu, da naira 2,000 ga kowane ɗan'uwa da ke wuyan mutum, har mutum biyu. Ba a taɓa adadin ba shekara da shekaru, hauhawar farashi ta cinye shi, har ya zama ko ga wanda ke matakin kashi 24 rangwamen ɗa ɗaya bai wuce naira 600 a shekara ba. Dokar kuɗi ta 2019 ta share shi, kuma sabuwar dokar ba ta dawo da shi ba.

Mu koma ga ma'aikatan nan biyu. Bayan fansho da haraji, kowanne yana tafiya gida da naira 205,500 a wata. Na farko shi kaɗai ne a kanta. Na biyu baki tara ke jira, wato kusan naira 22,800 ga kowane mutum, kuma a ciki za a yi cefane, a biya kuɗin makaranta da na Islamiyya, a sayo wa tsohuwa maganin hawan jini. Naira 24,500 da aka yanke masa ta fi kason mutum ɗaya a gidansa.

Girman gida kuwa ba ɗaya ba ne a faɗin ƙasar. Binciken yanayin rayuwa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019 ya nuna matsakaicin gida a Najeriya mutum biyar ne, amma a Jigawa ya haura takwas, a Ekiti bai kai huɗu ba. Saboda haka dokar da ba ta duba yawan iyali, ko da ba a nufi kowa da ita ba, nauyinta ba ya sauka daidai a ko'ina.

Rangwamen haya shi ne kaɗai abin da ya ɗan kusanci ɗawainiyar gida. Ana cire kashi 20 na kuɗin hayar shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba, kuma sai mutum ya bayyana wa hukumar haraji abin da ya biya. Mai hayar naira 400,000 da ke matakin kashi 15 zai samu sauƙin naira 12,000 a shekara. Mai hayar miliyan 2.5 da ke matakin ƙoli zai samu 125,000. Wanda ke zaune a gidan gado, ko wanda ya yi shekara goma yana tara bulo har ya rufa ɗaki biyu ya tare, ba shi da komai a nan, alhali a da dunƙulallen rangwamen yana kaiwa gare shi.

Yadda wasu ƙasashe suka ɓullo wa abin

Faransa ta ɗauki gida a matsayin mai biyan haraji tun 1945. Ana haɗa kuɗin gidan a raba shi kaso-kaso: miji kaso ɗaya, mata kaso ɗaya, ɗa na farko da na biyu rabi-rabi, daga na uku kowanne cikakken kaso. Sai a lissafa harajin kaso ɗaya a ninka. An sa iyaka ga sauƙin da 'ya'ya za su iya jawowa don kada masu hali su kwashe moriyar.

Amurka ta bai wa ma'aurata damar haɗa lissafi tun 1948, abin da ya haifar da sakamako biyu masu karo da juna. Gidan da mutum ɗaya ke samun mafi yawa yakan samu sauƙi da aure, gidan da samun miji da mata ya yi kusa da juna kuma wani lokaci harajinsa yakan ƙaru. Ga 'ya'ya, tun 1997 ana cire wani adadi daga harajin kansa. Birtaniya ta raba lissafin miji da mata a 1990, daga baya ta yarda wanda samunsa bai kai matakin biyan haraji ba ya miƙa wa abokin aurensa ɗan yanki na kason da babu haraji, sannan tana biyan tallafin yara kai tsaye.

Ba sai an je Turai ba. A Ghana akwai rangwamen aure ko ɗawainiya, da na karatun 'ya'ya har uku, da na tsofaffin da ke wuyan mutum har biyu. A Nijar ana rage harajin albashi gwargwadon yawan iyalin da ma'aikaci ke ɗauke da su, har zuwa adadin da doka ta tsayar. Malamin makaranta a Maraɗi da takwaransa a Katsina, da ƙila 'yan'uwan juna ne, ɗaya ana tambayarsa yawan iyalinsa kafin a yanke masa haraji, ɗayan ba a tambaya.

Hujjar kowane ɓangare

Masu ganin ya kamata a duba iyali suna cewa kuɗin da ya tafi ga ciyar da yaro da tsoho ba rara ba ce, wajibi ne, don haka bai kamata a ƙirga shi cikin ƙarfin biyan haraji ba. Suna ƙarawa da cewa a ƙasar da babu fansho ga mafi yawan tsofaffi, babu tallafin yara, magidanci ne ke yin aikin da gwamnati ke yi a wasu ƙasashe. Yaran da yake tarbiyya kuma su ne masu biyan harajin gobe. Sukan kawo misalin zakkar kuɗi: ba ta hawa kan abin da ya shigo, tana hawa ne kan abin da ya kai nisabi ya kuma shekara a ajiye, saboda haka mai iyali da yawa, wanda kuɗi ba sa kwana a hannunsa, ɗawainiyarsa ta shiga lissafi ba tare da an tambaye shi ba.

Ɗaya ɓangaren yana da hujjoji uku masu nauyi. Ta farko ita ce wa zai amfana. Rangwamen haraji ba ya isa ga wanda ba ya biyan haraji, kuma gidajen da suka fi talauci da yawan 'ya'ya, na ƙananan manoma da 'yan ga-ruwa da leburori, suna ƙasa da naira 800,000 ko kuma ba sa cikin rajista sam. In aka ce a cire naira 100,000 ga kowane ɗa, mai ƙaramin albashi zai samu 15,000, babban darakta 25,000, manomin ƙauye ba ko sisi. A ganinsu gara a karɓi harajin a zuba shi a makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi inda ɗan kowa zai je.

Ta biyu ita ce tantancewa. Mafi yawan aure a Arewa a masallaci ko ƙofar gida ake ɗaura shi, shaidu da goro da alawa, ba takarda. Yara da yawa ba su da takardar haihuwa. Ga ɗan riƙo, ga marayun ɗan'uwa, ga ƙanen mata da ya zo karatu ya zauna. Ga kuma tambayar da za ta taso in aka ɗauko tsarin Faransa: mai mata uku kaso nawa za a ba shi, kuma in ɗaya daga cikinsu ma'aikaciya ce, da kuɗin wa za a haɗa nata? Haɗa lissafi yana da wata illa da aka daɗe ana kuka da ita a Jamus, inda ake raba kuɗin ma'aurata biyu tun 1958: albashin matar yakan faɗa a babban mataki tun daga nairar farko, sai fita aikin ya rage riba.

Ta uku kuɗi ne. Harajin albashi yana shiga baitulmalin jihohi ne, kuma shi ne kaso mafi girma a kuɗin da yawancinsu ke tarawa a cikin gida. Da za a ɗora tsarin Faransa a kan magidancin nan mai 'ya'ya shida, kaso bakwai zai samu, kowane kaso bai kai naira 400,000 ba, harajinsa ya koma sifiri. A jihar da galibin ma'aikata haka gidajensu suke, abin da hukumar haraji ke tarawa zai zube. Jihohin da ma'aikatansu suka fi buƙatar sauƙin su ne waɗanda asusunsu zai fi jin jiki.

Akwai kuma masu cewa yawan iyali zaɓi ne, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kuma bai kamata wanda bai yi aure ba ko wanda Allah bai ba haihuwa ba ya biya wa wani. Wannan hujja tana da rauni a wuri ɗaya: ba kowace ɗawainiya ce zaɓi ba. Babu wanda ya zaɓi tsufan iyayensa ko rasuwar wansa. Sannan wanda takarda ta nuna ba shi da aure sau da yawa shi ne ke biya wa ƙannensa kuɗin makaranta, haka ma bazawarar da ke riƙe da 'ya'yanta da albashinta. Duk rangwamen da aka ɗaura shi a kan aure kawai zai tsallake waɗannan.

Tarihi ma yana cikin abin da ke sa batun ya yi zafi a Arewa. A zamanin En'e haraji kan kowane baligi yake, kuma a gidan gandu uba ne ke biya wa 'ya'yansa maza, don haka yawan iyali ƙarin nauyi ne kai tsaye. Soke haraji da jangali da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka yi bayan hawansu mulki a 1979 har yau ana tunawa da shi. Harajin yanzu ya bambanta da wancan, tunda samu yake bi ba kai ba, amma tunanin cewa hukuma ba ta san halin da gida ke ciki ba bai gushe ba.

Abin da zai shafi mutane a aikace

Ga ma'aikaci mai iyali, hanyoyin rage haraji a halin yanzu su ne waɗanda doka ta lissafa: fansho, asusun gidaje, inshorar lafiya, inshorar rai, ruwan bashin gina gidan da mutum ke zaune a ciki, da haya. Mai haya yana buƙatar rasit ko yarjejeniya a rubuce, abin da masu gidaje da yawa ba su saba bayarwa ba. Kuɗin cefane da miji ya tura wa matarsa, ko abin da ɗa ya aika wa iyayensa, ba kuɗin shiga ba ne a wurin wanda ya karɓa, haka kuma ba a cire shi daga lissafin wanda ya bayar.

Inda dokar ta taɓa babban gida a kaikaice shi ne harajin kayan masarufi, wato VAT. An bar shi a kashi 7.5, kuma an sa kayan abinci na yau da kullum da magunguna da kayan karatu a sifiri. Gidan da ya fi baki ya fi kashe kuɗi a waɗannan, don haka shi ya kamata ya fi jin sauƙin, in har farashin kasuwa ya nuna shi.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Naira 800,000 adadi ne tsayayye, ba a ɗaura shi da hauhawar farashi ba. Matakan 2011 sun yi shekara 14 ba a taɓa su ba, a tsawon lokacin da mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 zuwa 70,000. Dokar albashi ta 2024 ta ce a riƙa sake duba mafi ƙarancin albashi duk shekara uku. In albashi ya ci gaba da tashi don kamo farashi alhali matakan suna nan inda suke, kaso mafi girma na albashin ƙananan ma'aikata zai riƙa faɗawa cikin kashi 15 ba tare da ƙarfin sayensu ya ƙaru ba. Jihohi ke karɓar harajin, amma sauya matakan ko dawo da rangwamen iyali aikin Majalisar Tarayya ne.